Faratan Nedim

Ranar da maƙwabcina Nedim zai kaɗa gita a zauren garin Travnik, bayan shekara goma yana koyon kiɗa a Vienna, barcin rana ya ɗauke shi. Kakarsa Zumreta ta ga faratan hannunsa na dama zaƙo-zaƙo, ta yanke su tas.

Da ya farka ya ce, "Kaka, da su nake kaɗawa!"

"To, da ƙazanta za ka tsaya gaban jama'a?"

Ya aike ni sayo ƙaramin ƙwallon roba na wasan tanis ɗin tebur da gam. Shekara talatin ina akawu, ban taɓa karɓar umarnin da ya ɗaure mini kai haka ba. Ya yayyanka ƙwallon, ya manna a yatsunsa a madadin farata.

Da yamma a zauren, ya gama kiɗa ana ta yi masa tafi, Zumreta ta raɗa mini: "Ikon Allah, har sun tsiro! Gobe zan ƙara yankewa."