Shuɗin Ruwan Likita

Shekarar da Turawa suka ce a sare hanyar mota daga Jega ta bi ta Maiyama, kowane gida sai da aka ce ya ba da namiji ɗaya, ya yi wata uku yana haƙa yana ɗaukar tsakuwa. A gidan Rufa'i na Kashin Zama ba a sha wahalar zaɓe ba, don namijin ɗaya ne, shi ma ɗin saura ƙiris ya rage. Mutumin da a da yake ban ruwan albasa tun hantsi har la'asar bai miƙe ba, yanzu fangali biyar ke zaunar da shi. Ya ci tuwon mutum biyu ya tashi da yunwa, ya shanye tulu, ya zagaya bayan gida sau goma kafin azahar, ga shi kullum sai ƙara ramewa yake yi. Matarsa Tasalla ita ta fara lura kiyashi na taruwa a inda ya tsuguna. Abin ya ba ta tsoro, ta kuwa ƙi gaya wa kowa.

Ta san idan aka kai shi bakin hanyar nan ba zai dawo da ƙafarsa ba. Maigari ya ce shi ba ruwansa, duk mai kukan ciwo ya tafi Jega, akwai Baturen likita da ya sauka a bariki, takardarsa kaɗai ke cire sunan mutum. Tasalla ta ɗora mijinta a kan jaki, ita tana biye a ƙasa, suka sauka gidan yayarta Gudiya a Jega.

A bariki ba su ga Baturen ba ranar. Malamin da ke masa aiki, wani Basakkwace mai suna Hamidu, shi ya dubi Rufa'i sama da ƙasa, ya tambaye shi ƙishirwa da fitsari, sannan ya miƙo masa wata 'yar kwalba.

"Gobe da sahe ka cika ta da hitsarinka na hwarko, ka kawo," in ji Hamidu. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya ce na baya ya matso. Da ya ƙara kalma biyar kacal, da wannan labari bai samu ba, amma mai aikin Bature yaushe yake da lokacin yi wa manomi bayani.

Da yamma suna tankaɗe, Gudiya ta sa ƙanwarta a gaba. Gudiya irin matan nan ce da ba a taɓa ba su labarin da ba su riga sun ji wanda ya fi shi muni ba.

"Ke da kika binne gashinai in an yi mai aski, ki share sawunai bakin ƙohwa, ke ta za ki bari a kai ma baƙo abin da yah hito cikinai?" in ji Gudiya. "Mi Annasara za shi yi da hitsarin mutum in ba asiri ba? An ce wanda sunka kama ma nashi, ko an sake shi ba ya koma zama gida."

Zancen ya shige Tasalla. A ganinta ciwon mijinta ai a fili yake, mai ido ɗaya ma ya gani. Likita zai dubi ƙasusuwan nan ya rubuta takarda, kwalbar kuwa wata manufa ce tasu daban. To idan asirin ne, gara ya faɗa a kanta, ita da take da sauran ƙarfi.

Da gari ya waye Rufa'i ya cika kwalbar, ya jingine ta a gindin katanga, ya tafi tsarki da alwala. Tasalla ta tona rami ta juye, ta mayar da ƙasa ta tattake. Ta ɗauraye kwalbar sau uku, ta cika ta da nata, ta naɗe a tsumma. Har wani sanyi ta ji a ranta, irin na wanda ya yi abin kirki ba a gani ba.

Baturen na zaune a inuwar ɗorawa, gabansa tebur da 'yar fitila. Tasalla ta tsaya can baya cikin mata, inda take hangen komai. Hamidu ya zuba wani ruwa shuɗi kamar na marina a kwalba siririya, ya ɗiga fitsarin wani Bafulatani daga Kuberi, ya kara a wuta. Ruwan ya tafasa, ya koma kore, ya koma rawaya, ya tsaya ja kamar jar ƙasa. Bature, wanda suke ce wa Zaki, ya yi magana, Hamidu ya fassara da ƙarfi don kowa ya ji.

"Zaki ya ce akwai sukari cikin jikin wanga, shi aka gani cikin hitsari. Ba ya iya aiki. A ba shi takarda."

Nan Tasalla ta gane amfanin kwalbar, ta kuma gane abin da ta binne. Aka kira Rufa'i, aka ɗiga, aka kara a wuta. Ta zuba wa ruwan ido tana roƙon Allah ya juya shi. Ya tafasa har ya gaji, yana nan shuɗi. Bature ya ɗaga shi a rana, ya dubi Rufa'i, ya ce irin wannan rama yunwa ce ko dabara, tuwon gwamna zai gyara shi.

Kunya ta riƙe ta har aka watse, don ba ta san yadda mace ke faɗin irin wannan a gaban maza arba'in ba. Sai da ta ga Hamidu na shirya kwalabe a adaka, Bature ya hau doki, sannan ta je ta durƙusa.

"Malam, ba nashi na ba," ta ce. "Nawa na. Ni nac canza shi. Don Allah a sake awo."

Hamidu bai ko ɗago kai ba. "Baiwar Allah, ke ta ta ukku yau da irin wanga zance. In ƙarya kika yi, tashi. In ko gaskiya ta, kada ki bari Zaki shi ji, bulala za a yi ma mijinki kahin a tahi da shi." Ya rufe adakar ya ɗaure.

Ta sami Rufa'i zaune a layin waɗanda dogari zai kora zuwa Maiyama. Ta zo da niyyar gaya masa, amma da ya ɗago sai ta ga fuskar da ta yi shekara ba ta gani ba. Murmushi yake yi.

"Kin ji ko, Tasalla?" ya ce a hankali. "Ban taɓa hwaɗa miki ba, amma tun bara na ɗauka mutuwa nika yi. Ashe ba komi. Likita da kainai yad duba, yac ce lahiyata lau. Wata ukku na kawai, ki kula min da irin albasa."

Dogari ya ce a tashi. Rufa'i ya dafa ƙasa ya yunƙura, bai tashi ba, ya sake yunƙurawa.

"Na ji, Malam," in ji Tasalla, ta kama hannunsa ta miƙar da shi.