Igiyar da Clive Ya Saki

Maureen ta maƙale a tsakiyar dutsen, ƙafarta ta hagu na ta rawa kamar ta mai taka keken ɗinki. Ita ce ƙafar da ta karye bara a wannan tsagar, kuma tun daga nan ba ta sake yin gaba a hawa ba, sai dai ta bi bayan mijinta Clive. Yau ne karon farko da ta koma gaba. A duwatsun Derbyshire na Ingila ai ba a kafa ƙusa. Mai yin gaba shi ke cusa 'yan ƙarafansa a tsaga, yana ratsa igiya ta cikinsu don su tare shi in ya faɗo. Nata na ƙarshe yana daidai ƙugunta. Da Clive zai ja igiyar daga ƙasa ta yi tauri, da ta zauna a kanta ta huta.

"Clive, ja mini," in ji ta, muryar can ciki.

Shi kuwa, bawan Allah, tun wajen karin kumallo yake faɗa mata tsoro kamar taba yake, ba a barinsa da lallashi. Ya ɗaga kai ya yi murmushi.

"Haba 'yar tsohuwa, yanzu fa kika fara. Tumakin nan ma kallonki suke."

Ta roƙe shi, har da sunan jikarsu. Sai ta ji igiyar ta yi sanyi a ƙugunta. Ta leƙa ƙasa: ya warware mata ita, ta yi lanƙwasa tana lilo. In ta saki hannu yanzu, sai ta kai kusa da tudun da ta faɗa kansa bara ta karye.

"Ba wurin zama kuma," in ji shi. "Sama ko asibiti."

Ku da ba ku taɓa maƙalewa a dutse ba, ba za ku san irin shirun da ke shiga kan mutum ba. Maureen ta daina kuka. Ta cusa hannu a tsagar har fatar ta saluɓe, ta taka da ƙafar nan, ta sake takawa. Ba ta san sanda ta kai sama ba, sai jin iska ta yi a fuskarta.

Daga ƙasa tana jiyo shi yana faɗa wa wasu masu cin burodi cewa ga shi ya warkar da ita, abin da likitoci suka kasa.

To, al'adar hawa ita ce wanda ya kai sama ya ɗaure kansa, ya riƙe wa na biyu igiya, shi kuma ya hau yana cire ƙarafan. Ta ɗaure. Clive ya taho yana fito. Amma gwiwoyinsa sun tsufa, ga yayyafi ya fara jiƙa dutsen. Daidai inda ta maƙale, fiton ya tsaya.

"Maureen, ɗan ja mini. Da santsi."

Ta dubi hannayenta. Jini ne a kansu, amma ko kaɗan ba sa rawa. Gaskiyarsa fa, ta warke.

"Maureen? Uwargida?"

Ta leƙo ta ga tsakiyar kansa inda gashi ya zube, ta ga ƙafarsa ta fara taka keken ɗinki. Sai ta warware masa igiyar a hankali, kamu bayan kamu, ta ciro fulas ɗin shayinta daga jakar da ta goyo.