Ƙullutun Hannun Jethro

Shekari ya kama hannun yaron ya ɗaga sama, yadda ake ɗaga ƙafar akuya a kasuwa.

"Ku duba da idonku. Haka ya fara wa ubansa."

Kwana uku ke nan da binne Matthew, uban yaron, dangi sun cika ɗakinsa na haya a Kakuri har bakin ƙofa. A bayan yatsun Jethro da gwiwar hannunsa akwai wasu ƙullutai rawaya-rawaya, ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Shekararsa tara, amma baƙo zai ce shida.

Naomi, uwar yaron, tana kan tabarma. Mijinta ya faɗi ne gaban inji a masaƙa da tsakar rana, bai ko cika arba'in ba. Ta san abin da ya kawo Shekari, babban wan mijin nata, daga ƙauye. A al'adarsu ɗa na dangin uba ne, idan kuma aka ce uwa mayya ce, to ko gaisuwa ba za a bar mata ba.

"Baba," ta ce, "likita ya auna jininsa tun Matthew na da rai. Ya ce kitse ne ya yi yawa a jini, gado ne, shi ke toshe hanyar zuciya. Ga takardar."

Shekari ya yi dariya, sauran suka taya shi.

"Kitse? Wannan da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa? Maman Jethro, in za ki yi ƙarya ki nemi mai ƙiba."

"Ba na jiki ba ne, na jini ne. An ce a hana shi maiƙo, a riƙa kai shi asibiti duk wata."

"Kun ji ko? A hana shi abinci. Da bakinta ta faɗa."

Shekara goma sha ɗaya da aurenta Naomi ba ta taɓa mayar wa mutumin nan magana ba.

"Ƙaninku Sunday da ya faɗi a gona, ni na je na same shi?"

"Wata biyu ya yi a ɗakin nan yana neman aiki. Tuwon wa ya ci?"

"To mahaifinku fa? Ina goye aka binne shi."

Wata tsohuwa ta gyara ɗankwali. Shekari ya saki hannun yaron a hankali.

"Kada ki sake sa ubana a bakinki."

Ta miƙa wa Faston da ya biyo dangin takardar, shi kaɗai ne mai karanta Turanci a wajen. Ya karanta har ƙasa, ya sake komawa sama. Ya dubi Naomi, ya dubi dattawan da suka gina masa rabin coci. Sannan ya ninke ta gida huɗu.

"Maganar likita ba a raina ta," ya ce. "Amma maganar gida ce wannan. A yi haƙuri da juna."

Shi ke nan shari'ar.

* * *

Washegari da hantsi ta raka su tasha, za su tafi da Jethro ƙauye, tana bin su a baya kamar wadda ta biyo bashin gaisuwa. Shekari ya ce da sun isa wanzami zai yanke ƙullutan, kafin damina yaro ya murje. Ba mugunta a fuskarsa, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Son ɗan ƙaninsa yake yi tsakani da Allah.

Ta tsuguna ta gyara wa Jethro maɓalli.

"Ka tuna abin da likita ya ce?"

"Na tuna, Mama."

"In aka ba ka fa?"

Yaron ya saci kallon baffansa da ya je sayen nama.

Shekari ya dawo daga wajen mai balangu da ƙunshi, maiƙo ya huda takardar. Ɗan takun nan kawai da ya yi, sai da ya jingina da mota yana mayar da numfashi. Da suka zauna ya buɗe ƙunshin, ya ture tsokar gefe, ya zaɓo farin yankan kitse mafi laushi, irin wanda ake ajiye wa maraya.

"Ci, ɗana. Yunwa ta ƙare."

Direba ya tada mota. Jethro ya tauna, ya haɗiye, sannan ya ɗago hannu yana yi wa uwarsa sai wata rana, yatsunsa suna ƙyalli a rana.