Tafki daga saman Gobarau

Tun Gambo yana ƙarami yake jin Inna Hafsatu, mahaifiyarsa, tana ba da labarin nan: wai babanta Maman, wani masunci, ya taɓa hawa hasumiyar Gobarau a Katsina, ya hango tafkin garinsu Madarunfa yana walƙiya, har ya gane kwalekwalensa a bakin ruwa. Duk wanda ya yi mata gardama, ranar ba ya cin tuwonta.

Da kaka ta yi kyau, Gambo ya ce zai kai ta ta gani da idonta. Suka hau mota, suka wuce 'yan duwan, wato kwastan na kan iyaka, a Ɗan Issa, hantsi bai gama ɗagawa ba suna Katsina. Ga hasumiyar nan ta jar ƙasa, tsaye tun zamanin kakannin kakanni. Inna ta shafa bangon, ta dubi matakalar, ta dubi gwiwoyinta.

"Hau ka gano mini," in ji ta, ta nemi inuwa ta zauna.

Gambo mutum ne mai jiki, ga shi ya sha babbar riga saboda hoto. Ƙofa ta ƙi shi. Ya juya ta gefe, ta ƙi. Mai gadin wurin ya ce, "Malam, ko kai ko rigar, ɗaya zai shiga." Ya tuɓe ta, ya cire hula, ya tsuke ciki, ya kutsa yana nishi, bango na gogar kafaɗunsa.

A sama iska ta buge shi, ya ji daɗi har ransa. Ya juya arewa, ya kafa hannu a goshi. Rufin kwano, dogayen gidaje, itatuwa, shaho na shawagi. Ruwa kam ko na alwala babu. Ya daɗe tsaye yana tunanin abin da zai gaya wa tsohuwa. Ƙarya ba ya so, kuma ba ya son ya rushe mata babanta.

Ya sauko duk jikinsa jar ƙasa, ya tarar da ita tana dariya har da hawaye.

"Inna, wallahi na duba..."

"Bar shi, ɗan nan. Ai na ga shigarka. Baba ya yi biyunka. Jaki ma sai an roƙe shi yake ɗaukarsa. Ta ina ya bi?"

"To ko ƙofar ce ta tsuke da tsufa?"

"Bakinsa dai ya hau. Allah ya jiƙan Maman, ya ci mu da labari."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta miƙo hannu ya tayar da ita. Ta ce mai gadi ya ɗauke su hoto da talhon Gambo, wato wayarsa. Gambo ya kai hannu ga rigarsa.

"A'a, haka nan da ƙasarka," in ji ta. "Kai dai a shaida ka hau."