Harsasai Biyar na Babana

Shekara arba'in da ɗaya bindigar Baba tana cikin durowata, naɗe a rigar matashin kai, ba ta taɓa cizon kowa ba. Ranar Laraba na dawo daga coci na tarar da rigar matashin kawai.

"Delmer! Ina bindigar ubana?"

Mijina ya ɓuya bayan kofin shayinsa. "Orpha, tattaɓa-kunnenmu za su zo hutu. Yaran nan har cikin tukunya suke leƙe. Na kai wa Hobart ya duba."

"Ubanka ne ya bar maka ita?"

Na sa shi ya tuƙa ni har shagon Hobart mai gyaran bindigogi, yaron da na sani tun yana yawo ba wando. Yanzu har da furfura.

"Goggo Orpha, sannu da..."

"Riƙe sannunka. Ba ni kayana yadda aka kawo maka."

Ya ɗauko bindigar, bakinta na kallon wani bokitin yashi, yatsansa nesa da kunamarta. Ya buɗe, ya juya min ramukan harsashinta shida. Duk wayam.

Baba ne ya ɗura ta da hannunsa satin da za a kai shi asibiti. Ni ban iya karatu ba, bai bar min wasiƙa ba. Harsasan nan su ne abu na ƙarshe da yatsunsa suka taɓa.

"Mayar da su," na ce.

"Ba zan mayar ba, Goggo, ko za ki mare ni." Ya nuna wani rubutu a jikin ƙarfen. "Ta haura shekara ɗari da ashirin. Ta tsohon albarushi ce, harsashin zamani zai iya fasa ta a hannun mutum. Harsasanki kuma duk sun yi kore, sun lalace. Amma babanki ya san abin da yake yi. Biyar ya sa, ya bar ramin da ke saitin bakin ba komai, don ko ta faɗi kada ta tashi."

"To, ai ba sakarai ba ne kamar wasu." Na harari Delmer. Tsohon banza, idonsa ya ciko, shi da ya fi ni kuka ranar jana'izar Baba.

Hobart ya ɗauko harsasan, ya zare kawunansu, ya zubar da albarushin, ya juye min kwanso biyar a tafin hannu. Sai da na ce ya koya min buɗe ta da kaina. Na ɗaga ta ga haske, na ƙirga ramuka shida, na sake ƙirgawa.

A mota Delmer ya ce, "Kin huce?"

"Ban huce ba. Akwati mai kwaɗo za ka ƙera mata, makulli a wuyana. Kuma sai ka ce ka tuba."

"Na tuba, tsohuwa."

"Da ƙarfi. Kunnen nan ba ya ji."