Zanen Haɓar Hamida

Ƙaurin ne ya fara tarbarta. Irin na babbakar kan akuya, sai dai wannan daga bayan labule yake fitowa, inda wata mata ke salati ƙasa-ƙasa. Hamida ta ƙara jan mayafi ta rufe haɓarta, kamar yadda ta saba tun da gashi ya tsiro mata bayan haihuwar fari.

A tashar Tasawa, inda take sayar da nono, 'yan kamasho sun raɗa mata suna. "Malam Hamidu, a dama muna fura!" Mijinta Illo bai taɓa cewa uffan ba, amma in yana mata magana, ƙwaryar hannunta yake kallo. Shirun nan nasa ne ya kawo ta ɗakin Lamine.

Ta san Lamine. Bara wayoyi yake gyarawa a bakin kasuwa. Bana ya sa farar riga ta likitoci, ya ajiye wata na'ura da ya sayo a tsallaken iyaka.

"Kwanta, madam. Lazer sunanta," in ji shi, yana goge bakin na'urar da tsumman da ya goge wa ta gabanta. "Haske ne mai bin baƙi. Ya bi gashi har saiwa, ya ƙone ta. Ki yi ta zuwa, wata rana ki nemi gemu ki rasa."

Hamida ta sauke mayafin. Daga leɓenta na ƙasa zuwa haɓa, baƙin zane ne raɗau, wanda innarta ta yi mata da allura da baƙin tukunya tana budurwa. Ranar ba ta yi kuka ba, rugar kaf aka yaba mata.

"In baƙi yake bi, wanga zanen fa?"

Lamine ya yi dariya. "Kai, Fillo! Zane gashi ne?"

Hasken farko ya sauka kamar an ɗiga mata tafasasshen mai. Ta ji fatar ta yi ƙara. Ƙaurin ya sake tashi, yanzu nata ne, ya cika mata hanci har yawu ya taru a bakinta.

"Yana ci na!"

"Aiki yake yi. Ki daure, ba ku ne masu dauriya ba?"

Sai ta daure. Abin da aka koya mata ke nan.

* * *

Ƙuraje suka feso mata a haɓa, suka fashe, suka yi ruwa, ƙuda ya bi ta har cikin bukka. Masu sayen nono suka koma ƙwaryar maƙwabciyarta. Da ta koma wurin Lamine, ya ce ai ita ce ta shiga rana, laifinta ne. A kan bencinsa mata uku na jira, kowace da mayafi a haɓa.

Bayan girbi ta je rugarsu kusa da garin Cake. Innarta, wadda idonta ya dushe, ta jawo fuskarta kusa, tana shafawa da yatsa. Ta bi leɓen, ta gangara haɓa, inda zanen ya koma dabbare-dabbare, fari da ja, kamar fatar da aka jeme aka watsar.

"Hamida, ina aikina?"

Yatsan tsohuwar ya tsaya a gefen tabon, kan wasu gajerun gashi masu kaushi da suka fara fitowa.