Fitila da Rana Tsaka

Lokacin da kankana ta nuna a ƙauyenmu, Inna Oyjamol, matar kawuna, ta kira ni a waya. Ni a birnin Urganch nake zaune, sana'ata ɗaukar hoton biki.

Ta ce, "Dilrabo, ki zo da kyamararki. Likita ya ce idon nan sai dai ya yi ta raguwa. Ki ɗaukar min kawunki da gonarsa, babban hoto, tun ina iya gani."

Na isa rana ta take. Kawu Tursunboy na kan gadon katako ƙarƙashin rumfar inabi, da butar shayi da gurasa a gabansa. A bayansa gonar kankana ce, rana na dukanta har ido ba ya son kallo.

Na ce, "Kawu, mu bari sai yamma, haske ya yi sanyi."

"Da yamma ake sako mana ruwan gona. Yanzu ko ki haƙura."

"To fito daga inuwar."

"Gwiwata ta ce a'a."

Na ɗauka haka nan. Gona ta fito shar, Kawu kuwa baƙi ƙirin kamar kututture. Na ƙara wa kyamarar haske, fuskarsa ta fito, gonar ta koma fari fat. Inna ba ta ganin ƙaramin gilashin kyamara, sai na faɗa mata da baki.

Ta ce, "Duka biyun nake so. Tun da na aure shi ban san shi ba sai da gonar nan a bayansa."

Na ɗauko fitilar hoto daga mota, na kafa ta a gefensa, na buɗe mata farar lema don haskenta ya yi laushi. Kawu ya ajiye kofin shayi.

"Tsohuwa, zo ki ga 'yarki. Ta kunna fitila da rana tsaka, ta buɗe lema babu hadari. Haka birni ke mai da mutum?"

Inna ta ce, "Zauna daidai, Baban Sherzod, ka bar yarinya ta yi aikinta."

Na saita kyamara da hasken gona, fitila kuma ta cike inuwar. Karon farko ta yi ƙarfi, goshinsa ya yi ƙyalli kamar an shafa mai. Na rage, na ja ta baya kaɗan. Haske ya daidaita, sai dai Kawu ya ƙame kamar soja.

Inna ta matso kusa da ni, ta ɗaga murya. "Dilrabo, kin ga kankanar maƙwabcinmu Qurbon bana? Ta kawunki a gefenta sai ka ce lemo."

Ya juyo da sauri. "Ta Qurbon? Wannan mai kama da ruwan rijiya?" Sai ya gane tsokana ce, dariya ta ƙwace masa. Nan na danna.

Ina naɗe lema ya ce, "Tsaya. Tsohuwa, zo ki zauna nan."

"Ni zan riƙa kallo, me zan yi da fuskata?"

"Ni kuma ba ni da ido?"

Ta gyara ɗankwali, ta lalubi gefen gadon ta zauna. Na sake buɗe lema.

Ranar Juma'a na kai musu hotunan, manya. Inna ta kai na Kawu bakin taga, ta kusa haɗa shi da hancinta. Ta daɗe tana bin layin kankana da yatsa kafin ta zo kan fuskarsa.

"Ashe ka tsufa haka," ta ce a hankali. "Kuma hularka a karkace."

Kawu ya ɗauki ɗayan, wanda suke tare, ya tafi neman ƙusa.